Kyandir ɗin ɗiyata da ramin da na rufe

Shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina riƙe da alli, mafi yawansu a nan Madarumfa da ƙauyukan da ke kewaye da tafki. A tsawon wannan lokaci na saba ni ne mai gyara: in ja jan biro a littafin yaro, in kira uba in yi masa nasiha, in nuna wa sabon malami yadda ake tsara darasi. Ban taɓa zaton wata rana kofin kyandir zai tona mini nawa kuskuren ba, a tsakar gidana, a gaban ɗiyata. Labarin da nake so in ba ku ke nan, ƴan uwana malamai da iyaye, ko Allah ya sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Ɗiyar tawa ita ce ta fari, don haka kun san sunanta ba zai fito daga bakina ba. Ta zauna jarrabawar BEPC a 2022 ta faɗi, ta sake zama a 2023 ta sake faɗuwa. Sai wanda ya taɓa zama malami a ƙaramin gari zai san nauyin wannan. Ƴaƴan mutane da suka bi ta hannuna suna lise a Maraɗi, wasu har sun kai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga tawa a gida tana taya uwarta suyar awara. Ba wanda ya ce mini komai a masallaci, amma ko gaisuwa aka yi mini sai in ji kamar da jaje a cikinta.

A daminar da ta faɗi karo na biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Dare ya koma na tocila da fitilar sola da kyandir. Farin kyandir na kanti, wanda ake yi da kakin da ake cirowa daga man fetur, ga hayaƙi ga saurin ƙarewa. A cikin wannan duhun ne yarinyar ta soma kallon bidiyon mata masu yin kyandir a wayar uwarta, duk ranar da aka samu caji.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, goggonta da ke aure a Kano ta zo ganin gida ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Ta zo mata da leda cike da wani farin abu kamar gurzajjen sabulu, da damin lagwani, da man turare, da ɗan ma'aunin zafi. Jarin kuwa adashen uwarta ne, jika talatin cif. Ni ban sa ko dala ba. Abin da na sa kawai shi ne raini.

Farin abin nan shi ne kakin waken suya. Man wannan waken dai da ake awara da shi ne masana'antu ke sarrafawa da iskar haidirojin har ya daskare ya zama kaki. A Amurka aka fara yin kyandir da shi a shekarun 1990. Yana da taushi, kuma zafi kaɗan ke narka shi, shi ya sa ba a cika yin sanda da shi kamar na kanti ba, sai dai a zuba shi a kofin gilashi ko gwangwani a kafa lagwani a tsakiya. Yana daɗewa yana ci, hayaƙinsa kaɗan ne in an gyara lagwanin, kuma yana riƙe turare. Saboda ƙamshin nan ne amare da matan ma'aikata suka fara nemansa, har wasu daga Maraɗi suna aiko ɗan kabu-kabu ya karɓar musu.

Da bazara kyandir ɗin ya yi ta gumi, man turare na tsattsafowa a samansa, sai ta koyi ajiye shi a ɗakin ƙasa kusa da randa. Da damina abin ya tafi daidai. Fitinar ta zo ne da hunturu.

A watan Disamba wata Hajiya da za ta aurar da ɗiyarta ta ba da aikin kofi talatin, wasu na ɗakin amarya, wasu na rabo ga ƙawaye. Wannan shi ne aiki mafi girma da yarinyar ta taɓa samu. Ta gama aikin gida, ta zuba su da dare bayan lisha, ta jera su a kan siminti ƙugu da ƙugu, taga a buɗe. Duk wanda ya kwana a Madarumfa da hunturu ya san irin sanyin da ke tasowa daga tafki kafin asuba. Da gari ya waye na ji salatinta. Saman wasu ya yi gargada kamar fadamar da shanu suka tattake ta bushe. Wasu sun yi fari-fari a jikin gilashin kamar kanwa. Wasu kuma samansu da ɗan dama, sai ƴar tsaga siririya kusa da lagwani. Saura kwana biyu a zo karɓa, kakin da ya rage kuma bai kai a sake ko rabi ba.

A nan na shigo da hikimata ta malamai. Na ce ta ɗora murfin tukunya a kan gawayi ya yi zafi, ta riƙe shi dab da bakin kowane kofi har saman ya narke ya kwanta, inda ya ƙi kuma a bi da bayan cokali mai zafi. Muka gwada ɗaya, ya fito sumul yana ƙyalli. Ta juya kofin a hannunta ta ce, "Baba, masu tsagar nan ina jin akwai rami a ƙasa." Na ce, "Ke, wa zai leƙa ciki? Mai saye fuska yake kallo. A bar kaza cikin gashinta." Ba ta ƙara magana ba. Kafin azahar mun shafe talatin ɗin, ni da kaina na taya ta jerawa a kwali, ina jin daɗin na yi wani abin kirki.

Kwana huɗu bayan biki Hajiya ta yi sallama da kofi uku ƙunshe a zane. Na farko lagwaninsa ya nutse, ya mutu tun bai ci rabin awa ba. Na biyu ya ci rami a tsakiya kamar rijiya. Na uku shi ne ya tsinka mini zuciya: gilashin ya yi baƙi ƙirin, ya tsage daga baki har gindi. Ta ce wutar ta yi tsalle ne farat ɗaya ta miƙe, ga gidan sauro a kusa, Allah ya sa amaryar tana ɗakin. Mu a jihar Maraɗi ba mu manta da gobarar watan Nuwamban 2021 ba, da ta ci azuzuwan zana a cikin birni ta halaka yara fiye da ashirin. Tun daga ranar maganar wuta ba ta zama ƙarama a kunnen malami. Hajiya ta ce, "Malam, don gidanka ne na tako. Da wani wuri ne sai dai su ji a gari." Muka ba ta haƙuri, muka aika aka tattaro sauran, uwar yarinya ta sayar da akuyarta aka mayar da kuɗi.

Da yamma ɗiyata ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ba a kunna ba, ta sa wuƙa ta yanke fatar da muka shafe. Ga kogo nan a gefen lagwani, babban yatsana zai shige. Ta ajiye shi a gabana ta koma madafa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa.

Abin takaicin shi ne na san dalilin ramin, tun a makarantar horar da malamai aka koya mana shi. Kaki, kamar yawancin abubuwa, yana tsukewa in yana hucewa. Inda ya taɓa sanyi shi ke fara daskarewa, wato jikin gilashi da gindi da sama. Tsakiya, inda lagwani yake, ita ce ta ƙarshe. In iska mai sanyi ta yi saurin ƙafar da saman ya zama ɓawo, na cikin yana nan da zafinsa, to sa'ad da ya zo tsukewa ba abin da zai gangaro ya cike gurbin, sai kogo ya buɗe a ƙarƙashin ɓawon. Ranar da aka kunna, da wuta ta huda ɓawon sai narkakken kakin ya zurare cikin kogon. Ko dai lagwani ya faɗi ya nutse, ko ya tsaya tsirara da tsawo, harshen wuta ya yi girma ya gasa gilashin. Shi kuwa gargadar sama da farin nan mai kama da kanwa, ɗabi'ar kitsen tsiro ce. Duk macen da ta taɓa narka man kaɗanya ta san wani lokaci ya daskare sumul, wani lokaci ya yi tsaki-tsaki, gwargwadon yadda ya huce. Na san duk wannan, amma na zaɓi murfin tukunya.

Na ɗauka ta bar sana'ar ke nan. Sai ga shi ta narke kofunan da aka dawo da su, ta samo tsohon littafinta na kwaleji da ya rage shafuka, ta shiga gwaji da kofi bibbiyu. Kowane gwaji sai ta rubuta: ƙarfe nawa ta zuba, zafin kakin nawa, a ina ta ajiye, da iska ko babu, me ta tarar da safe. Wajen mako uku tana wannan. Abin da ta tsaya a kansa zan kawo shi nan, don na san akwai gidajen da ake wannan sana'a, akwai kuma malaman da ke neman abin koyarwa a darasin aikin hannu.

Ba ta ɗora kaki kai tsaye a wuta. Ƙaramar tukunya take sawa a cikin babba mai ruwa, ta bar shi ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Selsiyus. Ta sauke, ta zuba turare, bai wuce kashi 8 cikin ɗari na nauyin kakin ba, ta juya a hankali kamar minti biyu. In aka buga shi kamar ƙwai iska ce ke shiga, ita ma rami take bari. Sai ta jira ya sauko wajen digiri 55 zuwa 60 kafin ta zuba. Kowane kaki da nasa hali, shi ya sa duk sabuwar leda sai ta gwada da kofi ɗaya tukuna.

Kofunan kuwa sai ta shanya su a rana sun yi ɗumi, ta tabbatar ba ko ɗigon ruwa a ciki. Ta daina zubi da dare, sai da hantsi in rana ta ɗaga. Ta daina ajiyewa a siminti, don siminti yana zuƙe zafi ta gindi, sai a kan katako ko kwali. Tana barin tazarar yatsu huɗu tsakanin kofi da kofi, don wanda ke manne da ɗan uwansa gefe ɗaya ke riga ɗaya hucewa. Tana zubawa siriri a hankali, ta ɗan ƙwanƙwasa jikin kofin kumfa ya taso, sa'an nan ta rufe taga ta kife babban kwali a kansu. Ba mai taɓawa sai washegari.

Duk da haka wani lokaci ramin yana zuwa, kuma a nan ne ainihin gyaran yake. Tana rage kaki kaɗan a tukunya tun farko. In saman ya kama, sai ta ɗauki tsinken tsire ta huda wuri uku ko huɗu kewaye da lagwani, ta zura har ta ji ko akwai wofi. Kofin da ya fi kowanne kyau ma sai ta huda shi. Sa'an nan ta sake narka ragowar ta zuba a hankali, ya gangara ta hudojin ya cike kogon, ya kuma shimfiɗu a sama kamar kaurin kwabo. Bayan wannan ne kawai, in akwai ɗan gargada, take kawo murfi mai zafi. Masu wutar lantarki suna da na'urar hura iska mai zafi da ke wannan aiki, amma ita ma fuska kawai take gyarawa. Daga nan sai ta ajiye su mako ɗaya zuwa biyu kafin ta sayar, don kakin ya gama zama turaren ya kama. Kowane mai saye kuma tana gaya masa ya datse lagwani ya rage kamar rabin santimita, kunnawar farko ya bari saman ya narke har bakin kofi, kada ya ajiye kusa da gidan sauro ko zana, kada ya yi barci ya bar shi.

Farin nan mai kama da kanwa kuwa ta daina damuwa da shi. Ba ya hana ci, ba ya rage ƙamshi. Har gargadar da kan dawo bayan an kunna an kashe, tana gaya wa masu saye halin kakin ne. Ta raba aibu biyu: wanda ke ɓata wa ido rai, da wanda ke iya ƙona ɗaki.

Wata rana da la'asar na zauna ina kallonta tana huda wani kofi da ni a idona ba shi da aibu ko kaɗan. Na ce, "Wannan ai lafiyarsa lau, don me za ki ɓata shi?" Ta ce, "Baba, in ba a huda ba ba a sanin inda ramin yake." Na ɗauki littafin gwajin nata ina dubawa. Da Hausa ta rubuta shi kaf, layi-layi, da lissafi daidai, da dalilin kowane canji. Yarinyar da aka ce ba ta da kai ce ta tsara wannan. A nan wani abu da na binne shekara tara ya taso mini.

Tana ajin CE2 malaminta, abokin aikina, mutumin kirki, ya same ni a gindin bedi ya ce, "Mushe, yarinyar nan tana haɗa baƙi amma ba ta gane abin da take karantawa. Da za ka yarda, ta maimaita." Na ji kamar ya mare ni. Ɗiyar malami ta maimaita aji, a makarantar da ubanta ke koyarwa? Na ce ya bar ni da ita. Kullum da dare sai in zaunar da ita in yi ta maimaita mata shafukan da na san daga cikinsu ake tambaya, har ta haddace su kamar karatun allo. Ta ci jarrabawar ƙarshen zango, ta wuce. Haka muka yi a CM1, haka a CM2. Shekarun nan kuma an dakatar da jarrabawar CFEPD, wadda sai a 2024 aka dawo da ita, don haka makin aji ne ya kai ta kwaleji. A can aka kunna wuta: tarihi da Faransanci, lissafi da Faransanci, kimiyya da Faransanci, littattafai sun fi ƙarfin hadda. Ɓawon ya huje. Ni kuwa na ce lalaci ne, na ce waya ce, na ce ƙawaye ne.

A daren na gaya mata duka. Na ce ni na rufe ramin, da hannuna, don kunyar mutane. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sa'an nan ta ce, "Na sani, Baba. Tun lokacin na san ban iya ba. Tsoro nake kada ka sani." Wato shekara tara muna ɓoye wa juna abu ɗaya, a gida ɗaya.

Ba ɗiyata kaɗai ba ce. Binciken PASEC na 2014 ya nuna a Nijar ko ɗaya cikin goma na yaran da ke gama firamare bai kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Dalilan da muke kawowa gaskiya ne: aji ya cika ya batse, littafi ɗaya yara da yawa, yaro ya bar Hausa a ƙofar gida ya tarar da harshen da bai taɓa ji ba. Waɗannan su ne iskar hunturun, ba mu muka kawo ta ba. Amma murfin tukunyar a hannunmu yake. Mu ne ke sa aji ya amsa baki ɗaya don muryar masu iyawa ta rufe ta marasa iyawa. Mu ne ke gyara littafin darasi ya yi kyau ranar da mai duba makarantu zai zo. Mu ne ke ƙara maki biyu don kada uba ya zo da faɗa. Iyaye kuma sau da yawa tambayarsu ɗaya ce, na nawa ya zo, ba sa tambayar me ya iya. Muna dukan yaro don rubutunsa ya karkace, wanda farin kanwa ne kawai, mu yaba wa mai kyan rubutun da bai san abin da ya kwafa ba.

Tun komawar makaranta ta bana na canza abu ɗaya. Makonni biyun farko ina kiran kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban aji ba, in ba shi layi biyar da bai taɓa gani ba ya karanta, sa'an nan ya gaya mini da Hausa abin da ya ji. Ba bulala, ba maki. Har wanda ya zo na ɗaya bara sai na kira shi, kuma a cikin irinsu na samu masu kogo. Waɗanda na samu ina ware musu rabin awa kafin a tashi, mu koma baya har inda abin ya tsaya, ko da harafi ne. Manhaja tana jinkiri, na sani, kuma ba kowane uba ke jin daɗin in na kira shi na gaya masa gaskiya ba. Ina fara musu da labarin ɗiyata, sai in ga kafaɗarsu ta sauka.

Ku ma iyaye kuna da tsinkenku a gida, ko ba ku yi lakwal ba. Miƙa wa yaro takardar magani ko saƙon da ya shigo waya, ka ce ya karanta ya fassara maka. In ya kasa, kada ka daka masa tsawa, don tsawa ce ke koya wa yaro rufe raminsa da kansa. Ka je ka sami malaminsa. In kuma malami ya ce ɗanka ya maimaita, ka saurare shi kafin ka yi fushi. Shekara ɗaya a CE2 ta fi sauƙi a kan abin da muka biya.

Hajiya ta dawo da azumi ta sayi kofi shida, ta ce ta ji labarin yanzu ana hudawa. Akuyar uwar yarinya an mayar da ita, har ta haihu. Ni da ɗiyata kuma muna zama bayan lisha, mun koma littafin CE2, shafi ɗaya kowane dare, ta karanta da Faransanci ta gaya mini da Hausa. Wani dare abin ya tafi, wani dare ya cije mu rufe littafin. Na tambaye ta ko za ta sake zaman BEPC, ta ce in bari tukuna, ba ta son a sake yi mata gaggawa. Na ce to. In an ɗauke wuta sai ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ba su sayu ba saboda farin da ke jikinsu, ta datse lagwanin, mu ci gaba daga inda muka tsaya.